Yadda ake dawo da baƙin robar jikin mota idan rana ta koɗar da ita

Duk mai Vibe ko CR-V ɗin nan ta 2002 zuwa 2006 ko Golf 3 ko RAV4 a garin nan namu na Kano ya san matsalar, mota fes, fenti yana sheƙi, an wanke taya an goge gilashi, amma robar bamba da ta gefen ƙofa da wadda ta zagaye saman taya duk sun yi fari fururu kamar ƙafar yaro da hunturu ba a shafa masa mai ba. Sai kaga motar ta tsufa a ido alhali injinta lafiya lau, kuma in siyarwa ka zo yi dillali da wannan zai fara karya maka kuɗi tun kafin ya buɗe bonet. Toh abu ne da za ka iya gyarawa da kanka a ƙofar gida ranar Asabar, ba sai ka kai wa mai fenti ba sai in ta yi lalacewar da ba yadda za a yi, zan zo kan wannan a ƙasa.

Me yake jawo shi tukunna

Wannan baƙar robar mai ɗan gurza-gurza ba fenti aka yi mata ba, tun a kamfani aka cakuɗa baƙin a cikin jikinta kafin a ƙera ta. Yawancinta wata roba ce da ake rubuta wa PP, in ka taɓa cire bamba ka juya bayanta za ka ga an buga >PP< ko >PP+EPDM< ko TPO, wasu ƙananan kaya irin su gidan madubi da giril kuma wata robar ce daban da ake rubuta wa ABS. Fentin jikin mota yana da wani ruwan kiliya a samansa da yake kare shi, ita kuwa robar nan ba ta da komai a samanta, tsirara take fuskantar rana. Hasken rana yana da wani sashe da ido baya gani, shi ne UV, shi yake ta cin fatar robar a hankali yana farfasa ta, ta bushe ta koma gari-gari, haske in ya sauka a kai sai ya watse maimakon ya nutse, shi yasa ido yake ganin toka-toka. Ƙasan wannan fatar da ta mutu baƙin yana nan yadda yake.

A Kano kuma abin ya haɗu mana ta kowane ɓangare. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40 a ma'aunin zafi, baƙar roba kuwa tana shan zafi fiye da iskar da ke kewaye da ita nesa ba kusa ba, taɓa bambar motar da ta yini a rana a bakin kasuwa da azahar kaji. Hunturu ya shigo ƙura ta cika duk ramukan jikin robar. Sannan ga omo, yawancin wuraren wankin mota omo suke zubawa a bokiti su kaɗa, omo kuma an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, duk wani ɗan kariya da ke jikin roba yana tafiya da shi. In ruwan ma na burtsatse ne mai zartsi ya bushe a jiki ya bar farin tabo. Akwai kuma wani abu da mutane basu cika lura ba, folish. In mai folish ya bi jikin mota da injinsa ya taɓo roba, wannan farin man yana shiga cikin gurza-gurzan ya daskare, sai kaga fari layi-layi a bakin roba daidai inda ta haɗu da fenti. Wannan ba koɗewa bane, datti ne, wankewa kawai yake so.

Fara duba irin robar da kuma inda ta kai

Kafin ka kashe ko sisi, ɗebo ruwa a buta ka zuba a wajen da ya fi yin fari. In ya koma baƙi sidik yana jiƙe, sai da ya bushe farin ya dawo, alhamdulillahi saman ne kawai ya mutu kuma zai karɓi gyara sosai. In ko a jiƙen ma toka-toka yake, ko ka goga yatsa gari ya biyo ka, ko ka kankara da farce ya bar zane mai zurfi yana ɓarewa, toh wannan ta ci rana da yawa, man shafawa ba zai riƙe ta ba sai rini ko fenti.

Sannan ba duk baƙin abu a jikin mota ne wannan bayanin ya shafa ba. Wanda yake santsi yana ƙyalli irin na tsakanin ƙofar gaba da ta baya a sabbin motoci, wannan folish yake so irin na fenti. Wasu motocin ma a wajen baƙin sitika ce aka manna, in ta tsattsage cirewa ake a sa wata. Robar da ta zagaye gilashi da bakin ƙofa mai laushi ita ma daban ce, danƙo ce, man silikon kawai ake shafa mata. Namu shi ne mai tauri wanda ba a fenta ba: bamba, faifan gefen ƙofa, na saman taya, murfin da ke ƙasan gilashin gaba inda waifa take, gindin madubi, hannun ƙofa, sandunan saman rufi.

Kayan aiki

Bokiti biyu, sabulun wanke-wanke na ruwa irin Morning Fresh, burushi mai ɗan tauri amma ba na waya ba, na wankin takalmi ya yi, da tsohon burushin haƙori saboda lungu. Sifirit na kemis, in ka samu wanda aka rubuta isopropyl a jiki ya fi. Tef ɗin takarda na masu fenti, ba salatif ba don shi yana barin gam. Tsumma masu tsafta aƙalla huɗu ko biyar, in ka samu ƙaramin tawul ɗin maikurofaiba shikenan, in babu tsofaffin riguna na auduga ka yayyanka, a Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ba za ka rasa ba. Guntun soso na katifa, safar hannu ta roba, da kilinar goge fensir ta 'yan makaranta, eh ita, za ka ga amfaninta. Sai shi kansa abin da za ka shafa, wanda zan yi dogon bayani a kansa. Kayan gyaran jikin mota dai Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ne gidansu, wanda babu a can kuma ana odarsa ta intanet.

Lokaci ma yana cikin kayan aiki. Kar ka yi a rana, kar ka yi roba da zafi, komai ka shafa zai bushe kafin ka baje shi ya bar maka dabbare-dabbare. Da sassafe bayan gari ya waye ko bayan la'asar, a inuwa, in da gareji ya fi. Ranar da hazo ya sauko iska na kaɗawa ka haƙura, ƙura za ta manne a jikin aikin tun yana ɗanye. Da damina kuma ka duba sama, kana buƙatar yini guda ba ruwa.

Mataki na farko, wanki, kuma nan ne aikin yake

Mutane da yawa suna siyan mai mai tsada su shafa bayan sati biyu su ce jabu ne, alhali a kan datti suka shafa. Robar da ta shekara ana zuba mata man taya duk wanki tana da wani maiƙo da ya haɗu da ƙura ya zama fata ta biyu, duk abin da ka ɗora a kai a kan wannan fatar zai zauna ba a kan roba ba, ruwan farko ya tafi da su gaba ɗaya.

Wanke motar duka tukunna yadda ka saba. Sannan ka haɗa ruwa da sabulun wanke-wanke da ɗan kauri, ka tsoma burushi ka fara dirzar robar, yanki-yanki, kamar tsawon kamu biyu a lokaci guda, kana zagayawa da burushin sannan ka bi a tsaye ka bi a kwance saboda gashin ya shiga ramukan ta kowace fuska. Kumfar farko za ka ga ta fito ja-ja ruwan ƙasa, wannan ƙurar hunturu ce, ɗauraye ka sake, ta biyu za ta fito toka-toka, wannan mataccen saman robar ne da tsohon mai yake fita. Ka yi ta yi har sai kumfa ta fito fara. A motar da ba a taɓa yi mata ba zai iya kai sau uku ko huɗu a waje ɗaya, hannu zai gaji, amma kar ka tsallake. Bakin da ya haɗu da fenti ka koma wa burushin haƙori don babban zai iya zana maka fenti, kuma kar ka bar kumfar ta bushe a jikin fenti, kana yi kana ɗaurayewa. Wannan sabulun na yau ne kawai, ba da shi za ka riƙa wanke mota kullum ba.

Murfin ƙasan gilashin gaba ka ɗaga waifa sama, ka buɗe bonet, ka kwashe ganyen darbejiya da ƙasar da ta taru a magudanar kafin ka zuba ruwa, in ba haka ba kana gamawa laka za ta gangaro ta ɓata.

Bayan ya bushe sai ka nemi farin layin folish. Ɗauki kilinar fensir ka goga a kai da ɗan ƙarfi, za ka ga tana murmushewa tana tafiya da farin, sai ka kakkaɓe. Inda ya ƙi, ɗiga sifirit a burushin haƙori ka bi. Akwai kuma farin soson nan da ake siyarwa na goge tabon bango wanda yake narkewa a hannu in ana aiki da shi, yana cire mataccen saman roba sosai, amma ka sani samfefa ce mai laushi, ka jiƙa shi ka bi a hankali kuma kar ya taɓa fenti ko fitila.

Mataki na biyu, sifirit da bushewa

Ka bar roba ta bushe ƙarau. A ido za ta bushe cikin minti kaɗan amma ruwa yana maƙalewa a bayan faifai da bakin haɗi, kana cikin shafa mai sai kaga ɗigo ya gangaro ya yi maka hanya a tsakiya. Ba ta awa ɗaya zuwa biyu, ko ka je wajen mai faci ya hura maka iska a lungunan, ko ka yi wankin yau ka yi shafin gobe da safe.

Sai ka jiƙa tsumma mai tsafta da sifirit ka goge robar duka, hannu ɗaya kana ja zuwa gefe guda, kana juya tsumman in ya yi datti. Gwada a wani ɓoyayyen waje tukunna kamar ƙasan bamba. Sifirit zai kwashe sauran silikon da sabulu bai iya ba. Kar ka tsorata in kaga bayan wannan robar ta fi da muni, ta ƙara fari ta bushe ƙayau, haka ake so, ainihin halinta kenan ba kwalliya. Tina da fetur da kananzir kuwa kar ka kusantar da su, tina tana narka ABS nan take ta bar shi yana danƙo, kuma in ta ɗiga a fenti ka jawo wa kanka wani aikin.

Mataki na uku, tef

Bi duk inda roba ta haɗu da fenti ko gilashi ko fitila ka manna tef, ka danna bakinsa da farce ya kwanta sosai. In man shafawa ne kawai za ka iya tsallake wannan ka riƙa gogewa in ya taɓa, amma in rini ne ko fenti dole ne, musamman farar mota ko silba.

Mataki na huɗu, me za a shafa

Bari in fara da waɗanda ake yi a gari waɗanda ni ban yarda da su ba. Baƙin mai na inji, wallahi yana sa roba ta yi baƙi wuluk na kwana biyu, na uku ƙura ta bi shi ta manne motar ta koma ja, yana kumbura danƙon gilashi kuma ba abin taɓawa da hannu bane. Man birki ya fi shi sharri don shi fenti yake ci, ɗigo ɗaya in ya kwana a ƙofa sai ya tayar da fentin. Man gyaɗa da basilin basa ɓata komai sosai amma rana ɗaya ta Kano ta ishe su su narke su gangaro, ga tarin ƙura. Kiwi na takalmi kuwa ka shafa a faifan ƙofa, ranar Juma'a Alhaji ya fito da farar shaddarsa ya jingina yana amsa waya, sai dai ka fara ba da haƙuri. Man taya da yara masu wanki suke tambaya "Oga a sa mata mai?" shi ma silikon ne mai maiƙo, sheƙin yini biyu, kuma shi ne yake hana duk wani gyara na gaskiya kamawa daga baya.

Na gaskiyan kashi uku ne, ka zaɓa daidai da abin da gwajin ruwa ya nuna maka.

Na farko man shafawa da aka yi don roba, irin su Meguiar's Ultimate Black, Mothers Back-to-Black, da 303 Protectant. Sun fi sauƙin aiki kuma ba abin da za ka ɓata, amma a saman roba suke zama, wanki yana rage su, a yanayinmu ka sa a ranka duk bayan 'yan makonni za ka sake. Sun dace da motar da ta fara dusashewa kawai. Ɗiga kaɗan a soso ba a jikin mota ba, ka murza shi cikin roba sosai, ka bari kamar minti biyar zuwa goma ya sha, sannan ka goge da busasshen tsumma har sai in ka taɓa da bayan hannu baka ji maiƙo ba. Wannan gogewar ta ƙarshe ita mutane suke ƙi saboda suna son ƙyallin, ƙyallin nan kuwa rarar mai ne da bai shiga ba, shi ƙura take bi.

Na biyu rini, wanda yake ɗauke da baƙin launi a cikinsa yana shiga ramukan robar ya zauna, sanannensu shi ne Solution Finish. Wannan shi nake ba mai Vibe da CR-V shawara in robar ta yi fari sosai amma bata fara ɓarewa ba. Sa safar hannu, sa rigar da baka so, don in ya taɓa kaya ya zauna kenan. Girgiza kwalbar sosai saboda baƙin yana kwanciya a ƙasa. Ɗigo kaɗan a soso, ka shafa siriri, kana bin layi ɗaya bayan ɗaya kowanne yana ɗan hawa kan na baya don kar a samu tsiri, ka gama faifai guda daga farko har ƙarshe kar ka tsaya a tsakiya ka tafi amsa sallama. Bayan minti ɗaya ko biyu ka bi da tsumma mai tsafta ka ɗauke rarar. In ya tsallaka tef ya taɓa fenti goge shi a take tun yana ɗanye, in ya fara bushewa sifirit zai ɗauke shi. Wajen da ya sha rana sosai kamar saman bambar baya zai zuƙe na farko ya nuna dabbare, kar ka lafta masa da yawa lokaci guda, bari ya bushe ka sake bi siriri karo na biyu. Ruwa kar ya taɓa shi na awoyi, abin da ya fi shi ne ka bar motar ta kwana a rufe. Abu ɗaya, rini baƙi ne, wasu motocin robarsu tun asali toka ce mai duhu ba baƙa ba, irin wasu Vibe ɗin, in ka sa zai canza mata launi gaba ɗaya, toh ko dai ka yarda da haka ka yi wa duka ko ka koma kashi na uku.

Na ukun shi ne wanda ake ce wa siramik, ruwa ne garai ba launi, yana bushewa ya yi tauri a jikin roba ya dawo da duhunta ya kuma tare rana, akwai Cerakote da yake zuwa a 'yan ƙunshin tsumma jiƙaƙƙu, akwai Gtechniq C4 da CarPro DLUX a ƙananan kwalabe. Sun fi tsada kuma sun fi daɗewa, masu yinsu suna maganar shekara ɗaya zuwa biyu, ni dai a ranar Kano ga motar da take kwana a waje sai ince ka rage wani abu daga ciki. Su ne kuma basa yafiya, in ka bar tsiri ya bushe da shi za ka zauna, in akwai maiƙo a ƙasa ba zai kama ba. Ka bi umarnin jikin kwalin daidai, kowanne da lokacinsa, kuma da ka buɗe ƙunshi ka yi aiki da shi har ya ƙare don iska na taɓa shi ya fara daskarewa. Sosai ka kula da gilashi da fenti a nan.

Ko wanne ka zaɓa, kar ka shafa a matakalar Hilux ko ta jif inda ake taka ƙafa, da feda, da sitiyari, santsi zai yi.

Maganar wuta

Bidiyo ya cika TikTok da Facebook ana bin roba da na'urar hura zafi irin ta masu manna tinti a gilashi, kana kallo fari yana komawa baƙi a gaban idonka. Gaskiya ne yana yi, zafin yana ɗan narka fatar saman ta sake haɗewa, maiƙon cikin robar ya taso sama. Amma abin da bidiyon baya nuna maka shi ne bayan wata uku. Wannan maiƙon daga jikin robar ya fito ba ƙari aka yi mata ba, kuma ba wata kariya da aka ɗora, rana za ta sake cinyewa, duk maimaitawa robar tana ƙara bushewa tana ƙara saurin karyewa har ranar da ɗan adaidaita zai ɗan goge ka a danja bamba ta tsage. Sannan robar PP tana narkewa ne a wajen 160 zuwa 170 a ma'aunin zafi, na'urar kuwa tana iya haura 500, daƙiƙa biyu ka tsaya a waje ɗaya gurza-gurzan ya shafe ya koma santsi mai ƙyalli ko ya lotsa, ba kuma gyara.

In dai sai ka yi, ka yi bayan wanki da sifirit, a ƙaramin zafi, tazarar kamu guda, hannu yana tafiya baya tsayawa, ka fara da ƙasan bamba inda ba a gani. Nisanci fenti da gilashi da fitila da 'yan maɓallan sensa na bamba da bakin tankin mai. Sau ɗaya kawai, in ya huce ka ɗora masa mai ko siramik. Masu yi da wutar gas ko ta walda kuwa, wannan ganganci ne, ko kyauta aka ce za a yi maka kace a'a. Dirayar gashi ta mata ita kuma zafinta bai isa ba, ɓata lokaci ne.

In ta wuce shafi, sai fenti

Robar da take gari tana ɓarewa, ko wadda ta yi dabbare-dabbaren da rini ya kasa rufewa, fenti ne maganinta, kuma in an yi shi daidai ya fi duk na sama daɗewa. Matsalar ita ce fenti baya son kama PP, shi yasa kake ganin bambar da aka fesa wa baƙin gwangwani na ƙofar gida tana ɓawo bayan wata guda. Dole sai da wani ruwa da ake fara fesawa mai sa fenti ya kama roba, masu siyar da kayan fenti in kace musu firaimar roba sun gane, sannan fentin kansa ya zama na bamba, akwai SEM Trim Black da na Dupli-Color da Rust-Oleum da aka rubuta Trim and Bumper a jiki. Ka ɗauki marar ƙyalli ko mai ɗan sheƙi kaɗan, mai ƙyalli sosai yana tona asirin cewa fesawa aka yi.

In abin yana ciruwa ka cire shi ya fi tsafta. Wanki da sifirit kamar yadda na faɗa, har ma ka ninka, don ko ɗan silikon ya rage fentin zai riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka zagaye-zagaye. Ka bi shi da samfefa mai laushi lamba 600 zuwa 800, ko soson gurza na masu fenti mai ruwan toka, ba don ka shafe gurza-gurzan ba, don ka cire mataccen saman ne kawai. Kakkaɓe, sake sifirit, rufe duk kewaye da tef da jarida mai faɗi saboda feshi yana tashi nesa. Yayyafa ruwa a ƙasan wajen don ƙura ta kwanta, sa takunkumi. Firaima siriri, ka jira lokacin da gwangwanin ya ce. Girgiza fenti minti biyu cur, tazarar santimita 20 zuwa 25, ka fara danna feshin kafin ka iso kan robar ka saki bayan ka wuce ta, hawa na farko ya zama yayyafi kawai kana hango tokar a ƙasa, kar ka damu, minti biyar zuwa goma ka sake, na uku zai rufe. Wanda ya nemi rufewa a hawa ɗaya shi fenti yake zubar wa da hawaye. Cire tef tun fentin bai gama tauri ba, kana jansa a hankali yana nisantar aikin. Kwana bakwai ba wanki, ba injin feshin ruwa.

Bayan an gama

Ka sayi shamfu na mota ka ajiye a but, in ka je wanki ka miƙa musu kace da shi za a yi, kuma ka faɗa wa yaron tun kafin ya fara, "ɗan ƙanina man tayar nan a taya kawai, kar ya taɓa roba", ka tsaya ka gani don hannunsu ya saba. In za a yi wa motar folish a manna tef a robar tukunna. Duk wata ɗaya ko biyu ka ɗan bi ta da 303 ko makamancinsa ko da rini ka yi, minti goma ne. Inuwa kuwa ta fi kowane mai, rumfar kwano a gida, a kasuwa ko ofis ka nemi gefen gini, in ba hali ka riƙa sauya ɓangaren da yake kallon rana don za ka lura yawanci gefe ɗaya ne yake fin koɗewa. Rigar mota tana taimakawa amma da hunturu kar ka rufa ta a kan ƙura, iska tana kaɗa ta tana gurzar fenti.

Wani lokacin kuma lissafi za ka yi. Ƙananan kaya irin su murfin ƙasan waifa ko gindin madubi ko faifai guda da ya tsage, kuɗin firaima da fenti zai iya kamo na Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa. In za ka siya ka tafi da tsohon a hannu a gwada, ka juya bayansa ka duba 'yan kunnuwan da suke riƙe shi basu karye ba, ka goga masa tsumma da sifirit a gaban mai shagon don wasu an shafe su da mai ne suka yi baƙi. Ka haɗo da kilif, wato 'yan maɓallan robar da suke maƙale kayan a jikin mota, guda goma ko fiye, na jikin motar da suka sha rana rabinsu a hannunka za su karye wajen cirewa.